Ku Tambaya: Ciwon Daji Mai Sauya Kama, da Maganin da Ake Yayatawa a Waya

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan watan yawancinsu a kan ciwon daji ne, kuma galibi daga 'yan uwanmu mazauna Legas. Na zaɓi biyar. Ga wanda yau ya fara leƙa wannan fili: ni ba na riƙe allura, ba na rubuta magani. Aikina a gaban kwamfuta yake, a wani ɗakin bincike da ke Yaba, ina karanta bayanan ƙwayoyin gado da aka ciro daga ƙarin marasa lafiya. Abin da zan faɗa guzuri ne na shiga wurin likita, ba madadin likita ba.

Daga wata Hajiya, Zangon Agege: "Malama, ƙanwata ce aka gano tana da sankarar mama. An yi mata kemo zagaye shida, ƙarin ya motse har muka yi sadaka, aka yi aiki aka cire. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciwon ya dawo a hammata da ƙashin baya. Likita ya ce maganin farko ba zai yi ba yanzu. Dangin mijinta sun ce jabu aka ba ta tun farko, wasu sun ce da hannu a ciki. Yaya maganin da ya yi aiki jiya zai ƙi yi yau?"

Hajiya, sannunku da jinya, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. Jabun magani akwai shi a ƙasar nan, ban musa ba. Amma jabu ba ya sa ƙari ya motse. Tunda kun gani da idonku ya ragu, maganin ya yi aikinsa. Abin da ya dawo ba shi ne wanda aka kashe ba, danginsa ne da suka tsira.

Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da rubutun gado, wato DNA, mai haruffa kimanin biliyan 3. Duk sanda ƙwaya za ta rabu gida biyu, sai ta kwafe rubutun nan kaf, kuma a wurin kwafin akan samu kuskure jifa-jifa. Yawancin kurakuran ba sa komai. Ciwon daji yana somawa ne daga ƙwaya guda wadda kurakurai suka taru mata a daidai wuraren da ke hana ta rabuwa barkatai. Sai ta yi ta haihuwa, 'ya'yan su ma su yi ta haihuwa, kowa yana gadon kurakuran iyayensa yana ƙara nasa. Kafin ƙari ya kai santimita ɗaya, ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai tsakanin miliyan 100 da biliyan 1, kuma ba iri ɗaya ba ne. Zuri'a-zuri'a ne, kowace da halinta.

Wani masani a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Peter Nowell, shi ya tsara wannan tunani a rubuce a 1976, tun ba a da na'urar da za ta tabbatar. Sai a 2012 ayarin Charles Swanton a Landan suka ɗauki ƙarin ƙoda na wasu marasa lafiya, suka yanki wurare daban-daban a jikin ƙari guda, suka karanta rubutun gadon kowane yanki. Kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran da suka samu, ba a kowane yanki suke ba. Kin san ƙarfen nan mai tsini da masu hatsi ke soka wa buhu su zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. In buhun iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, suka ɗaya ta wadatar. In gauraye ne, abin da ya fito a tafin hannunki labarin wurin da aka soka kawai yake ba ki. Allurar da ake ɗibar tsokar ƙari da ita haka take, kuma ƙari gaurayen buhu ne.

Bari in nuna miki abin da nake gani a allo. Jadawali ne mai dogayen layuka, kowane layi kuskure guda, a gefensa kuma lamba mai nuna kashi nawa cikin ƙwayoyin ƙarin ke ɗauke da shi. Wanda ya bayyana a kusan dukkansu tsoho ne, daga ƙwayar farko aka gado shi. Wanda ya bayyana a biyar cikin ɗari kuwa sabon shiga ne, na wata 'yar ƙaramar zuri'a. Kwamfuta takan tara masu lamba kusa da juna, ta zana mana salsalar ƙarin, wa ya haifi wa. To idan aka samu tsoka biyu ta mutum ɗaya, ta kafin magani da ta bayan dawowar ciwo, sau da yawa sai a ga 'yar zuri'ar nan da ba ta kai a kula da ita ba ita ce ta mamaye ko'ina. Maganin ya share masu jin sa, ya bar wa marasa jin sa fili. Har yau in na ga layin nan ya taso daga ƙasa ya cika allo sai jikina ya yi sanyi, don na san akwai mace a bayan lambar, akwai yara a gida.

Saboda haka likitan ƙanwarki gaskiya ya faɗa. Abin da nake so ku yi: ku tambaye shi ko za a iya sake ɗibar tsoka daga wurin da ciwon ya dawo, na hammatar ya fi sauƙin kaiwa, a sake gwajin alamomi ukun nan da ake rubutawa ER, PR da HER2. Wani lokaci sakamakon yakan bambanta da na farko, kuma shi ne ke raba hanya. Mai ER tana da magungunan haɗiya irin su tamoxifen, mai HER2 tana da trastuzumab. Ku tafi da duk takardun baya, har da sakamakon gwajin tsokar farko. Ciwon ƙashin bayan kuma kada a bar ta tana cije haƙori, gashi da na'ura yana sauƙaƙa shi sosai, kuma akwai na'urorin a cibiyar ciwon daji ta asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, wadda aka buɗe a 2019. In ta fara jin ƙafafunta na mutuwa ko fitsari na ƙwace mata, wannan ba na jiran ranar layi ba ne, a kai ta a ranar.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwon da ya kai ƙashi galibi riƙe shi ake yi, ba tumɓuke shi ba. Amma riƙon yakan kai shekaru, mace na yawonta tana aurar da 'ya'ya. Akwai ma masu bincike, irin su Robert Gatenby a cibiyar Moffitt ta Florida, da ke gwada wata dabara a sankarar prostate, wato ƙwayar da ke ƙasan mafitsarar maza: a riƙa ba da magani ana tsagaitawa bisa lissafi, don kada masu jin magani su ƙare, su ci gaba da danne marasa ji. Gwaji ne da ake yi ƙarƙashin sa ido da awon jini a kai a kai. Kada wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa da kansa.

Daga wani Alhaji mai albasa, kasuwar Mile 12: "An turo min bidiyo a WhatsApp cewa an samu maganin kansa a Amurka, duk waɗanda aka ba su sun warke, ba tiyata ba komai. Mahaifina na da kansar hanji, yanzu haka yana gidana a Ketu. Ina da fili a gida Sakkwato, na shirya sayarwa. Ina ake samun maganin?"

Alhaji, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Tsaya da maganar fili tukuna, ka ji ni da kyau, domin bidiyon nan ba ƙarya ba ne, amma rabin zance ne.

Abin da ya faru shi ne, a watan Yuni na 2022 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York suka bayyana sakamakon mutum 12 masu kansar ƙarshen hanji, kusa da dubura. An ba su wani magani, dostarlimab, ta jijiya duk bayan mako uku har wata shida, ƙarin kowannensu ya ɓace. Daga baya adadin ya haura 40, sakamakon bai canza ba. Mu da ke wannan fanni mun yi murna ta gaske. Amma mutanen nan zaɓo su aka yi. Dukkansu ƙarinsu na da wata alama guda, kuma ciwon bai bazu zuwa hanta ko huhu ba. A nan gizo ke saƙar.

Irin wannan magani ba ya kashe ƙari da kansa. Garkuwar jiki yake sakar wa mara. Cikin jininmu akwai sojojin jiki da ake kira ƙwayoyin T, masu zagayawa suna duba kowace ƙwaya. Kowace ƙwayar jiki tana baje gutsattsarin abin da take ƙerawa a bayanta, su kuma suna dubawa, in sun ga baƙon gutsure sai su kashe ta. Ƙwayar daji, saboda kurakuran rubutunta, takan ƙera abubuwa karkatattu, ya kamata a ce an gane ta. To amma Allah ya yi wa sojojin nan birki don kada su afka wa jikin mai su, shi kuma ƙari ya koyi taka musu birkin. Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano ɗaya daga cikin birkin, PD-1, a 1992. James Allison a Amurka ya nuna cewa in aka toshe wani, CTLA-4, ƙari na narkewa a jikin ɓeraye. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 2018. Maganin farko na wannan sahu, ipilimumab, an amince da shi a Amurka a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014.

Inda ya kama, abin mamaki ne. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter yana da shekara 90 a 2015 lokacin da aka ga wata muguwar kansar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki da gashi, aka sa masa pembrolizumab. Sai da ya cika shekara 100 kafin ya rasu a Disamban 2024. A da, mai irin wannan ciwo in ya bazu da wuya ya shekara.

Sai dai sakin birki ba ya amfani in sojan bai ga abin kamawa ba. Ƙarin da kurakuransa kaɗan ne, kamanninsa da lafiyayyen nama ba su da nisa, sai a wuce shi. Mutanen New York ɗin nan kuwa, ƙarinsu irin wanda na'urar gyaran kuskuren kwafinsa ta lalace ne, a takardar gwaji za ka ga an rubuta dMMR ko MSI-H. Irin wannan ƙari kurakurai dubbai yake tarawa, ya cika da baƙin alamomi, da an saki birki sai a yi masa ca. A ƙasashen Turawa kimanin 15 cikin 100 na masu kansar hanji ne ke da wannan alama, a cikin waɗanda ciwonsu ya bazu kuma ba su fi 5 ba. Sauran, in ka ba su maganin nan shi kaɗai, kusan ba ya yi musu komai.

Ga inda zancen ya shafe mu. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsu na wancan asibitin na New York, sun wallafa bincike a 2021 a kan 'yan Najeriya masu kansar hanji. Sun samu alamar MSI-H a kusan 28 cikin 100, wato ninki biyu na abin da suka samu a marasa lafiyar da suka kwatanta da su a Amurka. Ka ga ke nan ba abin mamaki ba ne Baba ya faɗo cikinsu. Amma ko da wannan lissafin, bakwai cikin goma ba sa ciki.

Saboda haka gwaji ne a gaba, ba dillalin fili ba. Ka tambayi likitan Baba ko an yi wa tsokar da aka ɗiba gwajin MMR, wanda ke nuna ko alamar nan tana nan. Rini ne ake yi wa 'yar tsokar da aka adana cikin kaki, a duba sinadarai huɗu, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, ko akwai wanda ya ɓace. Ana yin sa a ɗakunan gwaji a nan Legas, ba sai an sake yanka Baba ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin allura ɗaya ta maganin ba. Allurar pembrolizumab guda a Amurka farashinta ya haura dala 10,000, ana yin ta duk mako uku, wani har shekara biyu. Raina yana ɓaci in na ji an karɓi miliyoyin iyali an ɗaura wa mara lafiya irin wannan ruwa ba tare da an yi gwajin da zai nuna ko yana da rabo a ciki ba.

Kuma maganin ba ruwan sanyi ba ne. Sojan da aka sakar wa birki yakan juyo kan mai gida: gudawa mai tsanani daga kumburin hanji, kumburin huhu, lalacewar maƙoƙo, wani ma ciwon suga farat ɗaya. Dole a yi shi inda likita ya san waɗannan alamu, yana kuma da abin kashe wutar. In gwaji ya nuna Baba ba ya cikin masu alamar, kada gwiwarka ta yi sanyi. Kansar hanjin da ba ta bazu ba, tiyata da kemo suna warkar da mutane da yawa, tun kafin a san da wani sabon magani. In kuwa ya nuna yana ciki, ka gaya wa likita a duba ko na gado ne, domin wani kason masu wannan alama daga iyaye suka gado, kuma hakan ya shafe ka da ƙannenka.

Daga wani bawan Allah, Alaba Rago: "Matata na da kulluntu a mama wata biyar ke nan. Asibiti sun ce za su soka allura su ɗiba. Iyayenta sun hana, sun ce daji ba ya son ƙarfe, da ya ji allura sai ya fusata ya bazu."

Malam, wannan magana na taso ina jin ta a gidanmu, kuma na san inda ta samo asali. Mutane kan kai mara lafiya asibiti bayan ciwo ya riga ya ci jiki, a ɗibi tsoka yau, bayan wata biyu ya rasu, sai a ɗora wa allura. Ciwon ya bazu tun kafin a taɓa shi. Ƙari ba ya jin haushi, ba ya sanin ƙarfe. Abin da yake so lokaci ne. Kowane wata da ya wuce, ƙwayoyinsa na ƙaruwa, zuri'o'insa na yawaita, damar a samu wadda za ta iya shiga jini ko ta ƙi jin magani tana ƙaruwa. Kuma yawancin kulluntun mama ma ba daji ba ne, allurar ce kawai za ta raba gardama. Wata biyar ya isa haka. Ka ɗauki surukarka ku shiga wurin likitan tare, ta yi tambayarta da bakinta, amma kada makon nan ya fita ba a ɗiba ba.

Daga wani ɗalibi, Idi-Araba: "Anti, na gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ina jiran bautar ƙasa. Ban taɓa tunanin aikinmu na da alaƙa da kansa ba. Mutum zai iya shiga wannan fanni daga Legas, ko sai ya fita waje?"

Ƙanena, za ka iya farawa yau da kwamfutar da ke cinyarka. Na'urar karanta DNA ba ta ba da amsa, tarin gutsattsarin rubutu take zubowa, ɗaruruwan miliyoyi, kowanne haruffa ɗari da 'yan kai. Na mutum ɗaya yakan kai gigabait 100 ko fiye. Jera su a mazauninsu, kwatanta na ƙari da na jinin mai shi, tace kuskuren gaske daga kuskuren na'ura, duk aikin lissafi ne da manhaja. Likita ba shi da lokacinsa, kai kake da shi.

Bayanan koyo kuma kyauta suke. Shirin TCGA na Amurka, wanda aka fara a 2006, ya tattara bayanan marasa lafiya sama da 11,000 a nau'in ciwon daji 33. Ka buɗe shafin cBioPortal, ka zaɓi sankarar mama, ka rubuta TP53, sunan wani sashe na rubutun gado mai tsaron ƙwaya, ka ga abin da zai fito. Ka koyi Python da R da sarrafa Linux, ka riƙe ilimin ƙididdiga da hannu biyu, sannan ka zauna ka karanta ilimin halitta kamar ɗan aji ɗaya. Wanda ya iya manhaja bai san abin da ƙwaya ke yi ba, zai yi ta fitar da zane masu kyau marasa ma'ana. Manyan fayiloli ba a sauko da su da datar waya ko a dogara da wutar NEPA, a kan manyan kwamfutocin nesa ake aikinsu, kai dai ka aika umarni.

Dalilin da ya sa nake son irinku ku shigo shi ne, kusan duk abin da kwamfutocin nan suka koya, a jikin Turawa suka koye shi. Baƙaƙen fatar da ke cikin TCGA 'yan tsiraru ne, su ma yawanci na Amurka. Wannan ba ƙorafin siyasa ba ne, yana taɓa magani kai tsaye. A 2020 Amurka ta amince a ba da pembrolizumab ga mai ƙarin da kurakuransa suka kai 10 a kowane haruffa miliyan ɗaya. To in tsokar ƙari kaɗai aka karanta ba a haɗa da jinin mutum ba, kwamfuta takan cire bambance-bambancen gado ta hanyar duba rumbun bayanan jama'a. Mu 'yan Afirka mun fi kowa yawan bambancin gado a duniya, kuma mu ne ba mu da yawa a rumbun. Sai ta ƙirga abin da mutum ya gada lafiya lau daga kakanninsa a matsayin kuskuren ƙari, lambar ta kumbura, a ce ya cancanci maganin da ba zai amfane shi ba. Masu bincike a Amurka sun nuna hakan a 2022.

Haka lissafin hasashen wane gutsure ne sojojin jiki za su gani. Ya dogara da nau'in HLA na mutum, wato abin da ƙwaya ke baje gutsattsarin a kai, kuma nau'o'in da suka yawaita a wurinmu ba su ne aka fi nazari ba. A kan wannan lissafin ake gina rigakafin da ake ɗinka wa mutum shi kaɗai daga kurakuran ƙarinsa, irin wanda kamfanonin Moderna da Merck ke gwadawa a kansar fata.

Akwai waɗanda suka share hanya. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, wadda ta yi karatun likita a Ibadan, ta shafe shekaru tana aiki da asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan a kan sankarar mama ta matan Najeriya, kuma ayarinta sun nuna cewa ƙarin matanmu ya fi yawan kuskure a TP53 da wani sashen da ake kira GATA3 in an kwatanta da na Turawa. Akwai cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, akwai masu wannan fanni a Jami'ar Covenant da ke Ota, ga cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, nan Yaba. In ka samu dama ka nemi a tura ka ɗayansu bautar ƙasa. Ka je da ɗan aikin da ka yi da hannunka a kan bayanan TCGA, ya fi takardar roƙo tasiri.

Daga wani mai shayi, Obalende: "Yayyena biyu maza sun rasu da kumburin ciki, likita ya ce kansar hanta, dukkansu ba su kai arba'in ba. Ba sa shan giya. Gado ne? Ni ma ina tsoro."

Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Tsoronka na da dalili, amma akwai abin yi, kuma ba mai tsada ba ne.

'Yan gida ɗaya, matasa, hanta: abin da za a fara zargi shi ne ciwon hanta nau'in B. Ba a rubutun gado yake ba, ƙwayar cuta ce da akan ɗauka daga uwa wurin haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta aska da reza. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma takan zauna masa har girma, tana cin hanta shiru. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba.

Abu na biyu a rumbu yake. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba, aflatoxin. Gubar nan tana barin tambarinta a rubutun gado. Tun 1991 aka gano, a marasa lafiya na China da kudancin Afirka, cewa tana sauya harafi guda a gurbi na 249 na TP53, wanda shi ne babban mai tsaron ƙwaya. A yau in aka ba ni bayanan ƙarin hanta, kwamfuta na iya ware tambarin gubar nan daga na taba ko na zafin rana, domin kowanne da irin kuskuren da yake haifarwa. In ciwon hanta B ya haɗu da gubar a jiki ɗaya, haɗarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake.

Ka je a yi maka gwajin HBsAg, digon jini ne, ana yi a kusan kowane ɗakin gwaji. Ka sa Inna da sauran 'yan uwanka da iyalinka da matan marigayan da 'ya'yansu su ma su yi. Wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, allura uku. Wanda yake da ita ya ga likitan hanta, kuma ya faɗa masa cewa 'yan uwansa biyu sun rasu da kansar hanta, domin wannan kaɗai yana sauya shawarar likita. Akwai ƙwayar tenofovir da ake sha kullum tana danne cutar tana rage haɗarin, sannan hoton ciki duk wata shida don a kama ƙari tun yana ƙarami ana iya cirewa. Gyaɗar da ta canza launi, ta motse ko take ɗaci, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita, wuta ba ta kashe gubar. In matarka na da ciki, a gwada ta tun wurin awo, kuma a yi wa jaririn allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida ta haihu, kada a jira suna.